Daga Argungu Zuwa Gida: Ina Muka Jefar Da Zango?

Yau dai ku yi mini afuwa, na ɗan jingine labarin soyayya da na kishi gefe guda, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba.

Abin da ya tono ta kuwa, wata maƙwabciyata ce ta shigo yi mini sallama, wai za su tafi hutu Birnin Kebbi ita da maigidanta da yara, daga can su leƙa Argungu. Ta zauna ta lissafa mini komai tiryan-tiryan: ɗinkin da aka yi wa yara, turaren wuta da atamfar da za ta kai tsaraba, gidan da za su sauka, har da cincin da naman da za ta soya na hanya. Da ta gama sai na ce mata, "To ƙanwata, dawowa fa? Wace rana za ku taso, kuma da ƙarfe nawa?" Sai ta yi dariya ta ce, "Haba Anti, dawowa ai ba wani abu ba ne, yini guda ne mun iso."

Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin ni ma da bakina na taɓa furta wannan magana, kuma saura ƙiris ta zama ajalinmu mu shida.

A watan Maris na 2020 ne. Yayata ta haura shekara 20 tana aure a Birnin Kebbi, kullum ƙorafinta ita ce mai zuwa Kano, mu ba mu san hanyar gidanta ba, alhali zumunta a ƙafa take. Da aka sanar za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an kwashe kusan shekara 10 ba a yi shi ba, sai maigidana ya ce ga dama ta samu, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Muka shirya, ni da shi da yara huɗu, a cikin tsohuwar motarsa.

Ku lura da yadda muka yi zuwa, domin nan gizo ke saƙar. Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, muka isa Sakkwato da sauran rana, muka kwana gidan wani abokin Malam. Da safe muka ziyarci Hubbaren Shehu, sannan muka gangara Birnin Kebbi hankali kwance. Kwana biyu muka yi a hanya, babu wanda ya ce an ɓata lokaci, domin ɗoki bai bar mu mun ji gajiya ba, ga aljihu da nauyinsa.

Hutun kuwa sai godiyar Allah. Mijin Yaya ya kai mu Gwandu muka ziyarci kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya zaga da mu bakin fadamar gulbin Rima, inda na ga abin da ban taɓa gani ba: tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙamas ko'ina, amma ga shinkafa kore shar iya ganin ido, injinan ban-ruwa suna ta kuka. A Argungu muka shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi wadda aka mayar gidan tarihi a 1958, yara suka ga masu da takubba da tambura, suka ji labarin Muhammadu Kanta da birninsa Surame. Ran Asabar kuma muka tsaya a bakin Matan Fada muka ga dubban masunta, kowa da gorarsa da homarsa, sun kwarara cikin ruwa lokaci guda kamar an ɓalle dam, makaɗa na bin su a kwalekwale. Kifin da ya zo na ɗaya a wannan shekara kilo 78 ne. Ɗan autana har yau in an ba shi kifi sai ya ce wannan ai jikan na Argungu ne.

Abin da ya fi burge ni a tarihin bikin shi ne asalinsa na sulhu ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga nan abin ya ɗore, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Don haka kada wani ya ɗauka na zo ne in hana mutane zuwa. Ku je, gani ya kori ji. Maganata a kan ranar Lahadin da ta biyo baya take.

Shirinmu shi ne mu bar Birnin Kebbi da asuba. To amma ran Asabar cunkoson motoci bai bar mu mun fito daga Argungu ba sai bayan isha'i, tafiyar da ba ta fi kilomita 50 ba ta zame mana aiki. Da muka iso gida kuma aka buɗe hirar bankwana, maza a waje mu a ciki, ba a tashi ba sai wajen ƙarfe 1 na dare. Duk da haka ƙarfe 5 saura Malam ya tashi, ya yi salla, ya duba ruwa da baƙin mai, ya ce a fito da kaya.

Nan fa aka fara. Yaya ta ce ta riga ta ɗora tukunya, ba za mu tafi da yunwa ba. Aka ci aka sha. Uwar mijinta, tsohuwa mai kirki, ta aiko a ce mana ba mu "tahiya" sai mun shigo ta sa wa yara albarka. Muka shiga, albarka ta zama hira. Mijin Yaya ya ce ai abin kunya ne mu bar garin ba mu gaida yayansa ba, ga shi can wata unguwa. Muka je. Muka dawo aka shiga ɗaurin tsaraba: buhun shinkafa biyu, albasar Aliero, man shanu, ƙuli-ƙuli, har sai da bayan motar ya zauna. Sai ƙarfe 11 muka ɗaga. A Argungu kuma muka tsaya karɓar bandar kifin da muka ba da sautu, mai kifin ya tafi kasuwa, aka aika a kira shi. Ba mu bar Argungu ba sai wajen ƙarfe 1 na rana, ga fiye da kilomita 600 tsakanin gidan Yaya da ƙofar gidanmu, ba mu ci ko kashi ɗaya cikin goma ba.

A nan zan fara ɗora laifi, kuma a kan mutanen da na fi ƙauna. Mu Hausawa mun iya karɓar baƙo, amma ba mu iya sakinsa ba. A wurinmu sakin baƙo da wuri kamar kora ce, shi kuma baƙon in ya matsa sai ya tafi, sai a ce bai ji daɗin zaman ba. Sai a yi ta jan juna da "ɗan tsaya ka sha ruwa", "ɗan jira a ƙulla wa yara wani abu", kowa na gudun kada a ce ya gaza. Babu mai lissafin cewa duk awa ɗaya da aka ci a tsakar gida da hantsi, a daji za a biya ta da dare. Wanda ya riƙe baƙonsa mai doguwar tafiya har rana ta take, ya sani cikin duhu ya tura shi, ko da kuwa da tuwo da miyar kifi ya riƙe shi. Na gaya wa Yaya haka daga baya, ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta kira ni ta ce gaskiya na faɗa.

Wanda bai taɓa ratsa ƙasar Kabi da Sakkwato a watan Maris da tsakar rana ba, ba zai gane ba. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take. Na'urar sanyaya motar ta daɗe da mutuwa. Warin banda ya gauraye da na albasa, yara huɗu a kujerar baya suna faɗa a kan wa ya danne wa ƙafa, 'yar babbar ta fara amai. Duk wannan annashuwa ta kwana huɗu ta bi iska tun ba mu kai Sakkwato ba. A Sakkwato muka yi sallar ƙasaru, muka haɗa azahar da la'asar, aka sha mai (lokacin lita tana naira 145, abin da yanzu in ka gaya wa yaro sai ya ɗauka tatsuniya ce), muka miƙi hanyar Gusau. Dange, Tureta, Talatar Mafara inda muka sayi hoce da fura, Maru, Bunguɗu. Ana kiran magariba muka shiga Gusau.

Bayan mun yi salla na dubi idon Malam, ya kaɗa ya yi ja. Na ce, "Malam, da mun haƙura mun kwana a nan, gobe da sassafe mu ƙarasa."

Ya ce, "Kwana? A ina? Ni in ɗauki iyalina in kai otal? Gobe Litinin fa, ina da ofis, yara suna da makaranta. Ai mun ci fiye da rabin hanya. Ke dai ki yi mana addu'a."

Na ce, "To ko in karɓe ka zuwa Funtuwa?" Domin ina tuƙi a cikin gari.

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya ke nan. Babban titi da dare ba irin zuwa kasuwar Rimi ba ne."

Sai na yi shiru. Wannan shirun shi ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa mace ba ta jayayya da miji a gaban yara, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda ta dace. Amma ranar nan ina gani ƙiri-ƙiri mutum ya gaji, rayukan 'ya'yana huɗu suna hannunsa, na zaɓi kada a ce na cika baki. Da a ce na kafe na ce ni da yara ba za mu shiga motar ba, iyaka ya yi fushi zuwa safiya.

Tsakanin Gusau da Funtuwa ba sai na yi wa kowa bayani ba. Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, sunaye ne da muka saba ji a rediyo cikin labarin 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane tun kafin wannan shekara, kuma a 2021 abin ya kai har aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe wasu hanyoyi a Katsina. Muka shiga wannan hanya cikin duhu. Malam ya kashe rediyo. Yaran da suka yini suna faɗa suka yi tsit ba wanda ya tsawata musu. Muka laɓe a bayan wata tanka muna bin jar fitilarta, in ta rage gudu mu rage, in ta kauce wa rami mu kauce. A wani shinge, jami'in tsaro ya haska cikin motar da tocila, ya ga yara, ya dubi Malam ya ce, "Alhaji, da iyali a wannan lokacin?" Malam bai ce komai ba. Ni kuwa babu addu'ar da ban karanta ba.

Allah Ya fitar da mu lafiya. Wajen ƙarfe 9 da rabi muka ga fitilun Funtuwa, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Malam ya sha shayi mai kauri, ya jefa goro a baki, ya ce, "Kin gani ko? Ai an gama mai wuyar." Muka kama hanyar Bakori zuwa Malumfashi.

Ashe mai wuyar tana gaba. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, tsoro ne ya riƙe masa ido tun daga Gusau. Da muka fita daga inda ake tsoro, sai jiki ya saki. Yara suka yi barci. Ni ma da nake cewa zan taya shi hira, kaina ya fara nauyi. Mun wuce Malumfashi muna dosar Dayi, wajen ƙarfe 11 da wani abu, sai na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Na buɗe ido na ga fitilar motar tana haska ciyawa da kututturen bishiya maimakon kwalta. Na dubi Malam, kansa a sunkuye, hannayensa a kan sitiyari. Na ƙwalla salati na daki kafaɗarsa. Ya farka a firgice ya murɗe sitiyari, motar da nauyin shinkafa ta yi tangal-tangal, ta hau titi ta tsallaka ɗaya hannun, sannan ya samu ya taka birki. Da akwai mota mai tahowa a wannan daƙiƙa, da wani ne yake ba ku wannan labari.

Muka yi shiru, sai kukan ɗan auta da ya bugu da kujera. Abin da Malam ya fara faɗa shi ne, "Wallahi ban yi barci ba." Kuma na yarda har zuciyarsa haka ya ɗauka, domin barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Muka lallaɓa a hankali har wani gidan mai da ya riga ya rufe. Malam ya fita ya ce wa maigadin, "Baba, don Allah a taimaka mana mu ɗan kwanta, da iyali nake." Tsohon ya haska mu, ya ce, "Bismillah Alhaji, ku shigo da ita ciki. Hanya ba ta gudu." Ya ba Malam tabarmarsa, ni da yara muka kwana a mota da sauro da warin kifi. Mutumin da ya ce ba zai kai iyalinsa otal ba, ga shi ya kwanar da su a filin gidan mai. Da asuba muka tashi, muka bi ta Gwarzo, ba mu shiga Kano ba sai da rana ta fito sosai. Yara ba su je makaranta ba, Malam bai je ofis ba, yini ya yi yana barci. Duk abin da muka yi kasadar dominsa, babu ko ɗaya da muka samu.

Daga baya na zauna na yi lissafi irin na 'yar sakandare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya rufe ido na daƙiƙa 3 kacal, motar ta yi tafiyar fiye da mita 80 babu kowa a kanta, kusan tsawon filin ƙwallo. Sannan akwai binciken da wasu masana suka yi a Ostireliya a 1997, wanda ya nuna mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda ya sha giya gwargwadon da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Malam ya tashi ƙarfe 5 saura, bayan barcin da bai kai awa 4 ba, abin ya faru bayan ƙarfe 11 na dare. Ku ƙirga da kanku. Bawan Allah da bai taɓa sanin ƙamshin giya ba, wanda ko kusa da mashaya ba ya bi, ya tuƙa 'ya'yansa cikin halin mashayi, kuma babu wanda zai ce ya yi abin kunya. A wurinmu ma yabo ake yi: "Ai wane namiji ne, daga Kebbi ya taso bai tsaya ba sai Kano." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara. Nawa ne a cikinsu aka yi wa irin wannan kirarin kafin a yi musu salla?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ne jikokin mutanen da suka fi kowa sanin tafiya a wannan yanki na Afirka. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, da yawansu ta nan yammacin ƙasar Hausa suke bi, kasuwar Jega ma da su ta yi suna. Ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, kuma abin da aka fara sani kafin a ɗaura wa jaki kaya shi ne inda za a sauka. Ana tashi da asuba, a ya da zango tun da sauran rana, dabbobi su yi kiwo, mutane su dafa abinci, a tsare kaya. Madugun da ya bar dare ya riski ayarinsa a dokar daji, ba gwani za a kira shi ba. Har yau kalmar tana nan a bakin duniya: ga Zangon Daura, ga Zangon Katab, ga unguwannin zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana inda Hausawa suka zauna. Mun bar wa garuruwa sunan, mun jefar da hikimar. Da mota ta zo sai muka ɗauka tunda ƙarfe ba ya gajiya, mai riƙe da shi ma ba ya gajiya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, tafiyar da ta kai nisan Birnin Kebbi zuwa Kano, da iyali a mota da direba ɗaya, kuma bayan kwanakin biki da rashin barci, ba tafiyar yini guda ba ce sai in an tashi da asubar fari da gaske. In rana ta ɗaga ba a tashi ba, to a raba ta biyu. A kwana Sakkwato ko Gusau, a ratsa inda ake tsoro da rana tsaka lokacin da motoci ke kai da kawowa. Kuma a yanke wannan shawara tun a gida kafin a fita, a ware mata kuɗinta da kwananta, kamar yadda ake ware na ɗinki da na tsaraba. Ba a fafe gora ranar tafiya, to ranar komawa ma tafiya ce.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, "Hajiya, kina magana kamar ba a ƙasar nan kike ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da rarar kuɗin masauki?" Gaskiya ne, ranar komawa aljihu ya riga ya huje, shi ya sa ma ake gaggawa. Amma mu da muka ce ba mu da kuɗin ɗaki, mun sayi bandar kifi ta kuɗin da ya fi na ɗaki. Kuma wane Bahaushe ne zai ce ba shi da ɗan'uwa ko abokin karatu ko surukin maƙwabci a Sakkwato ko Gusau ko Funtuwa? Da za mu tafi ai gidan aboki muka kwana. Abin da ya hana mu a dawowa girman kai ne da jin nauyin a ce mun sake ɗora wa mutane ɗawainiya.

Sai maganar otal. Har yanzu akwai mazan da in an ambaci otal, abin da ke zuwa musu a rai shi ne gidan masha'a. Ban ce babu irin waɗannan ba, amma manyan garuruwanmu cike suke da masaukai na mutunci inda malamai da 'yan kasuwa da alhazai ke sauka. Mutum ya tambaya tun da rana, ba sai dare ya yi ba. Ni dai na gwada duka biyun, na kwana a masauki da 'ya'yana, na kuma kwana da su a filin gidan mai, na san wanda ya fi kama da mutunci.

Akwai kuma masu cewa ai komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi. Haka ne, babu musu. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya rage wa matafiyi salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, ya ba shi damar ajiye azumi ya rama. An san tafiya wahala ce, aka yi mana rangwame. Mu ne muka ƙi yi wa kanmu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta sha yin kira ga direbobi su riƙa hutawa bayan kowace awa 4, amma mun fi yarda da goro da shayi da wanke fuska. Goro yana ɗaga barci ne kawai, bashi ne, kuma a kan titi ake zuwa karɓarsa.

Hukumomi ma da nasu kason. Ana kashe kuɗi a gayyato duniya ta zo Matan Fada, a gyara filin biki, a kawo manyan baƙi ta filin jirgin sama na Ambursa, su kallo su tashi. Talakan da ya zo da motarsa ko ta haya daga Kano ko Zariya ko Katsina, da an tashi daga biki an gama da shi. A duk tsawon hanyar nan, ina wurin da aka tanada mai tsaro da haske da bayan gida mai tsabta, inda mace da yara za su sauka su miƙe ƙafa, direba ya runtsa na awa ɗaya? Ana ta maganar sababbin tituna, har da na Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 wanda zai ratsa Jihar Kebbi. Madalla. Amma titi mai santsi ba tare da zango ba, gudu kawai zai ƙara wa mai gyangyaɗi.

Bari in taɓa mu marubuta kafin a ce na ware kaina. Mu ne gwanayen haɗarin mota. Duk lokacin da labari ya cushe, kishiya ta ƙi fita, ko saurayin farko ya tsaya mana a wuya, sai mu ɗora shi a mota mu aika masa da tirela. Ni kaina na kashe mutum uku ta haka a littattafaina, Allah Ya yafe mini. Amma ban taɓa rubuta yadda abin ke faruwa da gaske ba: hirar daren bankwana, tukunyar da aka ɗora da asuba, matar da ta ga jan ido ta yi shiru. A littattafanmu haɗari daga sama yake faɗowa, ita kuwa tafiyar komawa gida layi ɗaya muke ba ta, mu ce sun kama hanya sai ga su a gida. Mun taya masu karatunmu yarda cewa dawowa ba wani abu ba ne.

Mun sake zuwa Birnin Kebbi bayan an buɗe hanyoyi daga kullen korona. Tun kafin mu tashi na kira Yaya na ce mata duk wata sallama da gaishe-gaishe da ɗaurin tsaraba a gama su ana jibi za mu tafi, daren ƙarshe kuma Malam zai kwanta da an yi isha'i, ko Sarkin Gwandu ne ya zo hira a ce ya yi barci. Ta ce na zama Baturiya. Ranar tafiya ta ƙulla mana abincin a kula, ta rako mu bakin mota da tocila, tana ta mita wai ko ruwan zafi ba mu sha ba. Rana ba ta faɗi ba muna ƙofar gida.

Duk wannan na kwashe na gaya wa maƙwabciyata, har ta daina dariya. Ta ce maigidanta irin Malam ne, in ya ce a tafi to a tafi, kuma hutun kwana biyar kawai aka ba shi a wurin aiki, ba ya son ya ba hanya biyu a ciki. Na ce ta gaya masa tun yanzu, a cikin ɗaki, ba sai an iso Gusau da magariba a gaban yara ba. Ta ce za ta gwada, amma ba ta yi mini alkawari ba. Jibi za su tashi.